Ranar da Layin Ankara Ya Yanke

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da alƙalami ya ciyar da mu. Yakan zauna a zauren gidanmu a tsohon Zango na Kumasi, fatake su kawo masa tsofaffin takardun ajami da na Larabci ya kwafe musu a sabuwar takarda. Wani littafin ya sha ruwa a hanyar Salaga, wani gara ta ci gefensa. Idan ya zo inda kalma ta ɓace, sai ya ɗaga alƙalami, ya bar fili daidai tsawonta, ya ɗiga jar tawada a gefe, ya wuce. Na taɓa ce masa, "Baba, ai ko yaro ya san abin da ke nan." Ya ce, "Yaro ya sani. Ni ban gani ba." Filin nan zai zauna fari har Allah ya kawo wani da kwafin da bai lalace ba.

Ban gaji sana'arsa ba. Bayan rasuwarsa, da ɗan Turancin da na tsinta a makarantar yamma, na sami aiki a wani kamfanin manyan motoci a unguwar Adum, masu ɗaukar goro da kaya tsakanin Kumasi da Ankara, babban birni na bakin teku. Aka ba ni ɗan ɗaki a bayan ofis, taga ɗaya, kujera ɗaya, da injin waya.

Injin nan kamar tafireta yake, sai dai ya fi ta girma, kuma yana da tagwai a ofishinmu na Ankara. Abin da aka buga can shi ke fitowa nan a kan takarda, abin da na buga nan ya fita can. Waya ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka haruffa ba sa tafiya a jere kafaɗa da kafaɗa, sai ɗaya bayan ɗaya, kamar mutane a kan gadar itace. Mai gyaran injin, wani tsoho Bafante da ke zuwa da jakar kayan aikinsa a bayan keke, shi ya bayyana mini cewa kowane harafi yana da bugun buɗewa a gabansa da bugun rufewa a bayansa. Na ce ashe sallama yake yi da shiga da fita. Ya yi dariya ya ce in na ga dama in kira shi haka. Idan tsawa ta taɓa layi, ko reshe ya goge shi, bugun rufewar sai ya ɓata, injin ya rasa inda harafi ya ƙare da inda na bayansa ya soma, ya riƙa zuba shirme har sai ya sake kama tafiya.

Ƙa'idar aikin guda ce, kuma na same ta daidai da ta zauren mahaifina. Abin da ya zo a gurɓace ba a gyara shi da ka. Akwai maɓallin da ke kaɗa ƙararrawa a ɗaya gefen. Sai in kaɗa, in buga lambar saƙon, in ce a maimaita daga kalma ta ƙarshe da ta zo lafiya. Idan saƙo ya zo cikakke sai in buga "na karɓa". Mai aikawa kuwa yakan fara huda saƙonsa a wata siririyar takarda da muke kira tef, ya sa wa injin ya karanta. Muddin bai ga "na karɓa" ba, ba zai yar da tef ɗin ba. Zai naɗe shi ya rataye a ƙusa, don saƙon yana wuyansa tukuna.

Wanda ke zaune a ɗaya gefen ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na san dai Bayarabe ne Musulmi, mutumin Ilori, kuma a Zangon Ankara ya girma, Hausa a bakinsa kamar ni. Ina kiransa mutumin Ankara, yana kirana Malam Kumasi. Kowace safiya kafin a fara aiki mukan gwada layi. Ya kamata a buga wata jimlar Turanci ta gwaji, mu kuwa gaisuwa muke yi.

"Malam Kumasi, ka tashi lafiya? Injinka yana tari tun jiya, ka ba shi citta."

"Lafiya lau. Naka ne ya sha iskar teku, harafinsa duk gishiri."

"To aiko mini da goro fari in yi masa magani."

"Goron kamfani ne. Ka ji tsoron Allah."

"Ni ma na kamfani ne."

Idan da hannu yake bugawa, ba da tef ba, ina gane shi ko ban duba takarda ba. Yakan yi gudu gudu, sai ya ɗan tsaya kafin kalmar da zai tsokane ni da ita. Idan lokacin azahar ya yi, ɗayanmu ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ɗayan ya amsa, kowa ya tashi ya yi alwala. Shekaru muka yi a haka.

A ƙarshen 1969, cikin azumi, aka ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa, aka kuma ba da ɗan gajeren wa'adi. Ni ɗan ƙasa ne, kakannina na Salaga ne, uwata Badagomba, kamfani kuma ya rubuta mini takardar shaida. Matata a nan Zango aka haife ta, a nan aka yanke cibiyarta, ba ta taɓa tsallake Ejura da ke arewa da mu kaɗan ba. Amma mahaifinta ya zo daga ƙasar Katsina yana yaro a bayan jakunan fatake, kuma tun zuwansa babu wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Aurenmu na masallaci ne, ba a rubuta shi a ofishin kowa ba. Ga tsohon idanunsa sun yi hazo, ƙafa ɗaya ta kumbura, 'ya'yansa maza sun riga sun watse. Allah bai ba mu haihuwa ba a lokacin. Da ta ce mini, "Malam, wa zai riƙe masa sanda?" na san tafiya za ta yi da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsohon bai san inda za shi ba. Ƙauyen da ya baro bai san ko akwai mai tuna sunansa ba. Yau ya ce Ikko, gobe ya ce Shagamu wurin wani tsohon abokin cinikinsa, jibi ya ce an taɓa gaya masa ƙanensa yana unguwar Sabo a Ibadan. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, a tsai da wuri ɗaya, don in san inda zan same ku." Ya ce, "Ɗana, in mun je Ankara mun ga abin da ya samu, jirgin ruwa ko mota. Wanda aka kora ba ya zaɓen hanya."

Sai muka yi shawara da ita. Motar kamfaninmu za su bi, a harabar ofishinmu na Ankara za a sauke su. Idan tsoho ya yanke inda za su, ta nemi ɗakin injin, ta gaya wa mutumin Ankara, shi kuma ya bugo mini. In ƙura ta lafa in bi su in dawo da ita. Na gaya masa da safe, ya ce, "Matar Malam Kumasi? Har abin buɗa baki zan kai musu. Yaya kamanninta?" Na ce zai gane ta da tsohon da take ja. Ban tambaye shi halin da shi yake ciki ba. Na ɗauka ma'aikacin kamfani irina ne, da takardarsa a aljihu.

Na raka su tashar mota da hantsi. Ta ɗaure tukwanenta biyu a zani, ta bar mini ƙaramar. Ta ce, "Kada ka dafa wake a ciki, yana kamawa." Mota ta tashi da mutane a kan kaya, kaya a kan mutane.

Kwanakin nan injin bai huta ba. Mota kaza ta iso, mota kaza ta lalace a Nkawkaw, a turo taya, a turo direba. Washegarin tafiyarsu, bayan la'asar, ƙararrawa ta kaɗa, takarda ta soma tafiya. Na ga lambar saƙo, sannan na ga Hausa a maimakon Turanci.

"Zuwa ga Malam Kumasi. Mutanen gidanka sun iso lafiya. Tsoho ya ce za su"

Daga nan haruffa suka rikice, rabin layi na shirme, alamomi da lambobi. Na kai hannu ga ƙararrawa ke nan sai injin ya ɗauki wata irin kaɗawa, kar-kar-kar, babu tsayawa, kuma ba ya buga komai a takarda. Na san wannan kukan. Layi mai lafiya, ko babu mai magana, akwai wuta kwance a cikinsa, ita ke riƙe injin ya yi shiru. Idan waya ta tsinke wutar ta ɗauke, sai injin ya zaci harafi ne ke shirin shigowa, ya buɗe masa ƙofa, bai ga kowa ba, ya sake buɗewa, haka har sai an kashe shi. Na kaɗa ƙararrawar duk da na san ba ta zuwa ko'ina. Sannan na kashe injin, ɗakin ya yi tsit.

Daga baya Bafanten ya ce wata mota ce da aka yi wa lodin gadaje da katifu har sama ta ja wayar a wajen Konongo, ta karya turaku. Masu gyaran layi kuwa rabinsu suna cikin waɗanda aka kora.

Na yanke takardar, na ja layi da jan fensir a ƙarƙashin shirmen, na bar fili a gabansa. A littafin aiki, inda ake rubuta an karɓa, na bar gurbin lambar nan babu komai.

Na koma gida na sha ruwa ni kaɗai. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a kewaye da tsakar gida, da can in magariba ta yi sai ka rasa inda za ka taka don tabarmi da kwanuka da yara. Yanzu ƙofofi a rufe da kwaɗo, wasu ma a buɗe, babu abin da za a sata. Wata akuya da aka bari tana bin ɗakuna ɗaya ɗaya. Mai kokon bakin layi ta tafi, mai aski ya tafi, ladanin masallacinmu ya tafi. Wani tsohon tela Bamoshe, mai takardar tsohon soja, shi ya karɓi kiran salla, muryarsa ba ta wuce rijiya. Ranar Salla ƙarama na sa rigar da ta wanke ta ninke mini kafin ta tafi, na je idi, na dawo na zauna a bakin ƙofa. Babu yaron da ya zo barka da salla.

Da aka ɗaura layi, ina kunna injin na ji ya yi shirunsa na lafiya, sai na kaɗa ƙararrawa na buga, "Mutumin Ankara, barka da salla. Maimaita mini saƙon nan daga za su." Aka daɗe. Sannan haruffa suka soma fitowa ɗaya ɗaya, da nauyi, kamar mai tafiya cikin taɓo, kuma da Turanci. Ya ce shi magatakardan sito ne, an ɗora shi a kan injin. Ya ce wanda nake nema ya tafi tare da mutanensa, ba a san ko ta ruwa ko ta ƙasa ba. Ya roƙe ni in riƙa yin Turanci.

Na ce masa ya duba ƙusa, akwai tef a rataye. Ya ce ya duba bango duka huɗu, babu ƙusa sai wadda kalanda ke kai. Na ce ya duba aljihun tebur da kwandon shara. Ya ce an share ɗakin kafin ya shigo. Ba mugun mutum ba ne. Yana da lodin da zai ƙirga da direbobin da ke yi masa ihu, ga injin da bai saba da shi ba, ga wani daga Kumasi yana tambayarsa ƙusa.

Wata Lahadi na shiga mota na tafi Ankara da kaina. A hanya ana tsai da duk mai doguwar riga, na nuna takardata har ta soma yagewa a ninki. Na tarar da ofis a kulle, maigadi sabo ne, bai san kowa ba. A harabar akwai duwatsun murhu da mutane suka bari da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Na leƙa ta tagar ɗakin injin, na ga kujerar da abokina ya zauna shekara da shekaru, ƙofar cikin ɗakin a buɗe an tokare ta da dutse. Na yi azahar a gindin wani mangwaro na juyo.

Mutanen da suka rage a Zango kowa da shawararsa. Telan ya ce, "Malam, wace irin tambaya ce wannan? Kowa Ikko ya tafi. Je ka Agege ka tsaya a bakin masallaci ranar Juma'a, za ka ga tsohonka." Wata tsohuwa mai tuwo ta ce ita ta ji da kunnenta yana cewa Shagamu. Wani direba ya rantse ya ga mai kama da shi a jirgi. Ni ma in na zauna da takardar nan a gabana, sai in ga kamar shirmen yana so ya zama kalma. In kalle shi da safe ya yi kama da wannan gari, in kalle shi da yamma ya yi kama da wancan. Har na taɓa ɗaure kayana. Abin da ya zaunar da ni shi ne, in na tafi babu wanda zai sake tambayar lambar nan, kuma ƙasar da zan shiga neman mace ɗaya da tsoho ɗaya ba ƙarama ba ce, ga yaƙin basasarsu bai gama mutuwa ba. Fataken goro da ke kai wasiƙun ajami daga zango zuwa zango, waɗanda da su zan aika cigiya, su ne aka kora.

Ƙarshen shekara babban akawunmu ya shigo ɗakina da littafin aiki a hannu. Ba'asante ne mai furfura, dattijon coci, yana kirana Kramo, yadda suke kiran Musulmi.

"Kramo, zan rufe littafi. Gurbi ɗaya ya rage. Rubuta an karɓa mu huta."

"Masta, ban karɓa ba."

"Ai ba saƙon kamfani ba ne. Naka ne."

"Shi ya sa na san ban karɓa ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. Ya ce, "Kana cin abinci kuwa? Wuyanka ya yi kamar na zakaran da aka manta a kasuwa." Na ce ina ci. Ya ce ƙarya ba ta dace da Kramo ba. Ya ɗauki alƙalami ya ɗauke lambar ya kai ta shafin farko na sabon littafi, ya bar gabanta fari. Washegari matarsa ta aiko mini da ampesi, wato dafaffiyar doya, da miyar kontomire ta ganyen gwaza, ya ce in ci hankali kwance, kifi ne a ciki, shi ya tsaya a kai.

Haka muka shiga 1970. Kowace safiya, bayan jimlar gwaji ta Turanci, sai in buga lambar in ce a maimaita daga "za su". Magatakardan ya amsa da "babu". Tun yana jin haushi har abin ya zame mana kamar gaisuwa. Wata rana ma da na makara shi ya fara bugowa, "Babu, tun kafin ka tambaya." Ina dawowa gida in dafa shinkafa a ƙaramar tukunya, in ci rabi, in ba akuya rabi. Na koma kwafe wasu waƙoƙin wa'azi na mahaifina da yamma kafin magariba, don hannu ya sami abin yi. Layya ta zo ban yanka komai ba. Sababbin 'yan haya suka soma shiga ɗakunan, mutanen kirki, amma ba su san wadda ta dasa na'ana'ar da ke bayan randa ba, suka tuge ta.

A hankali na riƙa koya wa magatakardan aikin ta cikin waya. Da farko in saƙona ya isa masa a gurɓace sai ya cike da abin da ya ga ya dace, har aka taɓa tura mota Takoradi alhali Tamale ake nufi. Na ce masa ya kaɗa ƙararrawa kawai, ba abin kunya ba ne, layi ne ya yi laifi. Na koya masa kada ya bar takarda ta ƙare a injin, don harafin da ya zo bai sami wurin zama ba ya tafi ke nan, ko tabo ba zai bari ba, sai dai a ga lamba ta yi tsalle. Na koya masa ya ajiye tef har sai ya ga "na karɓa". Ya ce yana sa su a cikin gwangwanin madara.

Ruwan farko ya sauko da iska mai ƙarfi. Ranar layi ya yi ta shirme tun safe, muna ta maimaita wa juna. Wajen azahar ya ce in dakata, iska tana watsa masa takardu, zai rufe ƙofa. Na zauna ina jin ruwa a kan kwano. Sai ƙararrawa ta kaɗa, ta sake kaɗawa, ta sake, kamar an danne ta da gwiwar hannu.

Ya ce tun da ya shigo ɗakin bai taɓa rufe ƙofar nan ba saboda zafi, kullum a tokare take da bango. Ya ce akwai ƙusa a bayanta. Ya ce akwai tef guda a naɗe, an ɗaure shi da zare, gizo-gizo ya yi saƙa a kai.

Na ce ya kakkaɓe shi a hankali, ya sa bakin da ke da tsini a gaba. Na ce in ya ga ya rikice kada ya cire, zan kaɗa masa. Na duba takardar injina na ga da saura da yawa. Na yi bisimilla.

Tef ba ya da hannun mutum. Gudu ɗaya yake yi, babu ɗan tsayawar nan da na sani. Amma maganar tasa ce.

"Zuwa ga Malam Kumasi. Mutanen gidanka sun iso lafiya. Tsoho ya ce za su sauka Kwatano, ƙafarsa ba za ta kai Ikko ba. Akwai ɗan ƙanwarsa mahauci a Zangon can, gidan da ke bayan masallacin mahauta. Ta ce ka zo da bargonta in za ka zo."

Tsawa ta taɓa layi a daidai nan, rabin layi ya lalace. Na kaɗa, na ce ya ja tef baya kaɗan. Ya ja. Ashe akwai ƙari, an liƙa wani guntu a ƙarshe.

"Layi ya yanke, ban ga na karɓa ba. Na jira har yau. Gobe da asuba motarmu za ta tashi. Na rataye maka. Na kai musu ƙosai kamar yadda na ce. Ka yafe mini goron da na ci."

Injin ya yi shiru. Na ɗauko tsohuwar takardar daga aljihu, na cike filin da jan fensir, harafi harafi, ina dubawa. Magatakardan ya bugo, "Ya zo daidai? Me yake cewa?" Na sa yatsu a kan maɓallai na buga "na karɓa", da Hausa. Ya ce bai gane ba. Na sake buga masa da Turanci.

Babu wanda ya taɓa ambaton Kwatano a cikin masu ba ni shawara, ni ma ban san tsohon yana da ɗan ƙanwa a can ba. Babban akawu ya ba ni hutu, ya zauna a kan injin da kansa da yatsa ɗaya. Na naɗe bargon na bi hanyar bakin teku, na tsallake iyaka biyu.

Na same ta a tsakar gidan mahaucin tana wanke hanji a babban kwano. Ta rame. Ta ɗago ta dube ni, ba ta tashi ba, hannunta a cikin ruwa.

"Malam. Sai yau?"

"Sai shekaranjiya waccan saƙon ya iso."

"Wane irin shekaranjiya? A gabana mutumin ya sa shi a injin. Na ji ƙararsa da kunnena."

"Waya ce ta tsinke a tsakiya."

Ta ce, "Ni na ce ko ka ji ne ka share. Baba yana ta cewa kana hanya, kana hanya. Kafin Layya ya rasu."

Na yi salati na zauna a kan turmi. Ta tsame hannunta ta goge a zani, ta karɓi bargon, ta shinshina shi, ta ce na bar shi ya yi warin hayaƙi. Da la'asar mahaucin ya kai ni kabarin. Babu alama sai fasasshiyar tukunya, a cikin yashi, ana jin teku daga can.

Dawowa da ita ya ɗauki lokaci da yawon ofisoshi, sai da aka rubuta aurenmu a takarda, babban akawu ya tsaya mana shaida. Ta shigo gidan ta tsaya a tsakar gida tana duban fuskokin da ba ta sani ba, sannan ta je bayan randa ta duba.

Na tambaye ta kamanninsa. Ta ce gajere ne mai ƙiba, da tabon salla, yana ɗingishi kaɗan, kuma ya yi ta ba Baba dariya. Ta ce lokacin da ya kawo musu ƙosai ta ga kayansa a ɗaure a bayan ƙofa. Iyakar abin da na sani ke nan. Na yi cigiya wurin mutanen Ilori da suka soma dawowa bayan shekaru, amma sunan da na sani nasa na takardar kamfani ne, ba wanda ake kiransa da shi a gida ba, babu wanda ya gane.

Na ci gaba da aiki da magatakardan har aka sayar da motocin. Ya zama gwani, har ya fi ni sauri. Bai iya Hausa ba har muka rabu, sai kalma biyun nan, "na karɓa". Idan lokacin azahar ya yi nakan kaɗa ƙararrawa sau biyu kafin in tashi. Bai taɓa tambayata dalili ba. Daga baya shi ma ya riƙa kaɗawa, ni kuwa in ɗauki buta in fita.